Layin Kamyo a Bakin Gada

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ina gajiya, yaya zaman Kwatano? Ciwon gwiwar ya yi sauƙi? Yaya maiɗaki da yara? Mu nan Gaya lafiya lau, sai takaici.

Ka san ina koya wa ɗaliban mastar, wato digiri na biyu, na kasuwanci yadda ake kwaikwayon tafiyar al'amura cikin ordinatar, wato kwamfuta. Bana na kawo su gida, na ce su gano abin da ke hana layin kamyo, manyan motocin kaya, ƙarewa a bakin gadar iyaka. Sati biyu suna fama, ba wanda ya tako wajen direbobi. Sai suka kawo mini cewa a ƙara ƙofa ɗaya a duwan, wato kwastan, layi ya mutu!

Na ja su wurin tsohon abokin tuƙinka, Baba Idi. Ya yi dariya, ya ce: "Yara, ranar da layi ya ragu, talho muke bugawa juna. Kafin jibi kowa ya kwararo, layi ya fi na da." Abin da na yi wata uku ina bayani ke nan! Wani ɗalibi ya ce wai wannan ba ya cikin littafi.

Na nemi a bar Baba Idi ya shigo aji. Shugaban makaranta ya ce ba shi da difilom.

Ka sa ni addu'a, haƙurina ya kusa ƙarewa. A gaida mutanen gida. Baba Idi yana gaishe ka, daga cikin layi.

Ƙanenka,
Sani