Sandar Sintiri

Litinin, 4 ga Satumba

Har yanzu ina sansanin horon masu gadin gandun daji, ba su kore ni ba tukuna. Saja Mbewe ya sake busa mini usur a kunne. Ya san ƙara tana shiga kaina kamar ƙusa, shi ya sa yake yi. Na ce masa na karanta littafin horon nan kaf, ban ga inda aka ce a kurmantar da ɗalibi ba. Tsallen kwaɗo na sha har rana ta faɗi. Bakina zai kashe ni wata rana.

Alhamis, 7 ga Satumba

Yotamu, ɗalibi kamar ni, ya gano asirina. Ƙaton nan mai wuyan bijimi, ashe kakarsa 'yar ƙauyenmu ce. Ana tsaka da cin tuwon masara ya ɗaga murya: "Esnart, ƙanwata, ina kika baro zaninki?"

Na ce sunana Mabvuto, na fasa masa leɓe da kwano. Sauran ɗaliban suka taru a kaina da takalman sintiri. Rigata ta yage, kowa ya ga bandejin da nake ɗaure ƙirji da shi. Dariya ta fi dukan ciwo. Saja ya ce shi bai ga komai ba, ƙarshen wata zai zaɓi masu shiga rundunar sintiri, kuma maza yake nema.

Zan shiga. Ko da rarrafe.

Asabar, 9 ga Satumba

Haƙarƙari. Numfashi da ƙyar. Ban kwance bandejin ba.

Asabar, 16 ga Satumba

Ni kaɗai nake cin abinci yanzu, gindin bishiya. In na kaɗa yatsu a cinya don kaina ya lafa, sai su jeru suna kwaikwayo. 'Yan iska. Wata nas ta taɓa gaya wa mama sunan abin da ke kaina, mai sa ƙara da kallon ido su dame ni, mama ta ce aljanu ne, ni na nemo littafi na karanta da kaina.

Daji kaɗai ne ba ya cewa in kalle shi cikin ido. Yau mun tarar da barewa a tarkon waya, wayar ta ci ƙafar har ƙashi, ungulu sun riga sun cire mata ido ɗaya tana da rai. Ni na yanka ta. Duk wanda ya ɗana wayar nan, Allah ya haɗa mu.

Talata, 26 ga Satumba

An haɗa mu.

Sintirin farko na gaske, bakin kogi. Wani tsoho ne, ƙafa ba takalmi, buhunsa cike da waya da busasshen naman ɓauna. Bai ko gudu ba. A nan al'ada ce, in an yi kamu sabon shiga ne ke fara duka kafin a kai mutum ofis. Saja ya juya baya yana kunna taba. Yotamu ya miƙo mini sanda.

"Karɓi. Mu gani ko akwai namiji cikin rigar nan."

Na karɓa. Na tuna barewar, na tuna takalmansu, ban san wanne nake duka ba. Baya, gwiwa, hannun da ya kare fuska da shi. Na ji wani abu ya karye, ba sandar ba. Suna ta shewa.

Tsohon ya ɗago, jini a gemu, ya ce, "Ɗana, ya isa."

Ba wanda ya taɓa kirana haka ba tare da na roƙa ba. Na ƙara masa a baki.

Laraba, 27 ga Satumba

Yotamu ya matsa mini wuri a kwanon tuwo. "Zauna, mutumina, ashe kai mugu ne." Har kan kifi ya tura gabana. Saja ya kira ni Mabvuto a fareti, bai busa usur ba.

Abin da na zo nema ke nan. Na ci na ƙoshi, na zaga bayan tanti na amayar. Kifin ne, ina jin.

Asabar, 30 ga Satumba

An sake kamu da safe, mai kamun kifi ne da raga cikin kogi. Yotamu ya miƙo sandar yana murmushi. Na ce hannuna ya kumbura tun ranar Talata, ba ya damƙa. Ya kalli hannun, ya kalle ni, ya daɗe. Wani ya karɓa. Na tsaya ina kaɗa yatsu har suka gama.

Da yamma Saja ya yi zaɓensa. Ya ce mai ciwon hannu ba ya riƙe bindiga. Kaki zan samu, amma gyaran shingen waya aka tura ni, can iyakar gandun, ni kaɗai da filaya. An rufe wurina a kwanon tuwo. Na shirya zagi mai kyau, sai na ga ban da ƙarfin faɗa.

Ba tausayi ne ya hana ni karɓar sandar ba. Gajiya ce kawai.

Hannun lafiyarsa ƙalau. Da shi nake rubutun nan.