Sun ce cikina kwanciya ya yi, likita ta ce in zo Alhamis

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyu kawai gare ni.

Ni 'yar Durba ce, ina aure a Rurum, mijina malamin Islamiyya ne, kuma gida ɗaya muke da iyayensa. Cikina ya wuce ranar da aka ba ni a wajen awo da kwana goma sha ɗaya. Jiya na je asibiti a Rano, aka yi min hoton ciki, likita ta ce ruwan da yaron yake ciki ya ragu, in dawo ranar Alhamis da kayan haihuwa a sa min ruwan naƙuda, kuma maigida ya zo ya sa hannu.

Da na dawo na faɗa, Inna, wato surukata, ta ce atafau lissafin asibiti ne ba daidai ba. Wai zazzaɓin da na yi da azumi ya kwantar da cikin wata guda, don haka wannan watan ba ya cikin ƙirga. Ta ce ita 'ya'ya tara ta haifa a ɗakinta, babu wanda aka taso shi kafin ya shirya. Baba Malam, mahaifin maigida, kuma ya ƙara min rubutu. Ni ba ni da matsala da rubutu, ina sha safe da yamma da bisimillata, amma ban ga inda ya hana zuwa asibiti ba.

Maigida a ɗaki ya ce gaskiyata ce. Muna fitowa tsakar gida, Inna ta kalle shi sau ɗaya, sai ya ce a ƙara sati biyu a gani, kuma bai ba ni izinin fita ba. Wallahi wannan ya fi komai ƙona min rai.

Abin da ya sa na kafe, cikina na fari haka aka yi. Aka ce ya kwanta, na yi shiru don ina amarya, ina jin kunya. Har motsi ya ɗauke kwana biyu ana ce min barci yake. Namiji ne, ban ji kukansa ba. Yanzu ma motsin ba kamar na makon jiya ba ne, ni nake ɗauke da shi, ni na sani.

Na kira yayana, ya ce zai zo da mota ranar Alhamis da safe, in ta kama ya sa hannu zai sa. Na riga na haɗa jakata, zuwa kam zan je.

To ya zan yi? In sake zaunar da maigida in faɗa masa ido da ido, ko in sa babana ya kira Baba Malam, ko in fita kawai in ya so a yi maganar daga baya? Ina son aurena, ba na son a ce na raina iyayensa. Amma don Allah kada wanda ya rubuto min in yi haƙuri. Na yi sau ɗaya, kuma na san inda aka binne shi.