Darasin "Zan Dawo"

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da tarkacen wayoyinka. Na rubuto ne maimakon in kira, don in na kira ka, kai ke magana ni ke "to", har katina ya ƙare ban faɗi abin da ke tafe da ni ba.

Likita ya sa ranar aikin 'yata Tantabara, farkon watan gobe. Ya ce aikin zuciya irin nata ba baƙo ba ne a wurinsu, kada in tayar da hankalina. Na ce to. Amma abin da ya faɗa a tsaye yana shirin fita shi ya hana ni sakat: iyakata ƙofar ɗakin tiyata, kuma in ta farfaɗo za ta kwana biyu a wani ɗaki da ba a barin uwa ta shiga. Yaya, yarinya 'yar shekara biyar da ba ta ji, a ɗauke ta daga hannuna, ta farka cikin mutanen da suka rufe baki da hanci da ƙyalle. Da me za ta san ba yar da ita na yi ba?

Ka san inda muka kai a maganar hannu. Ta iya ruwa, ta iya takalmi, "a'a" kuwa ta fi kowa iyawa a gidan nan. Duk abin da ido ke gani ne. Darasin lokaci ne ba mu kai ba: anjima, gobe, zan dawo. Marigayiya Malama, wadda ta koya mana maganar hannu, ta ce shi ya fi wuya, don ba a nuna gobe da yatsa, shi ya sa ta yi masa bidiyo na musamman da uwa da ɗa ke kallo tare.

Kai ka zuba mana darussan a manhajar Miƙo, ka fi ni sanin tsarin. Malama ta ƙi a tara su wuri ɗaya. Kowane gida mai kurma ya riƙe darasi ɗaya ko biyu a wayarsa, mai so ya ja daga wayar ɗan'uwansa, in ya gama ya goge, tunda wayoyinmu ba su da ciki. Ta ce ta haka ne dole mu riƙa tambayar lafiyar juna. Darasin lokaci yana wurin Mai Tasi, shi ma ɗansa kurma ne.

To jiya a gidan wanki, lokacin hutu, na laɓe bayan injin busar da kaya inda shugabarmu ba ta hango mai latsa waya, na buɗe Miƙo. Ya canza kala, har da wani tambari mai murmushi. Na danna darasin, ya fara sauka, sai ya tsaya cak, wai sai na biya kuɗin wata. Miƙo fa! Wanda ka ce mana na kowa ne kamar iska? Me ya faru? In biya?

Tantabara na gaishe ka. Wato ta ga hotonka ta yi alamar ƙaton hanci.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, tarkacena ma suna amsawa. Ki shafa mini kan Tantabara, ki ce mata hancin na gado ne, ta jira nata. Allah ya sa a yi aikin a sa'a.

Kada ki biya! Ko sisi. Kin taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, wallahi tun makon jiya nake cika ina batsewa.

Miƙo ba kamfani ne ya yi shi ba. Mutane ne irina, a ƙasashe barkatai, ba mu ma san fuskar juna ba, kowa ya ba da lokacinsa kyauta. An bar ƙirarsa a buɗe, mai so ya duba, mai iyawa ya gyara. Ni kaina shekara nawa ina toshe masa ƙananan ramuka a shagon nan nawa na ƙarƙashin matakala, mai waya na tsaye a kaina yana zagina don ban sa masa gilashi ba. Kwatsam sai mutum ukun da ke riƙe da sunan manhajar da mabuɗin sabunta ta suka sayar wa wani kamfani. Ba su shawarci kowa ba. Muka kwana da abinmu, muka tashi an sa masa ƙofa an ajiye mai karɓar kuɗi. Guminmu, Auta!

Amma sun taro faɗan da ya fi ƙarfinsu. An yi shawara a dandalinmu: ranar Asabar kowa ya goge Miƙo daga wayarsa, a bar musu kango su yi ta gadi. Wasu cikinmu sun ɗauki tsohuwar ƙirar suna haɗa sabo na kyauta, nan da mako ɗaya ko biyu ya fito. Na riga na tura wa iyayen ƙungiyarku saƙo, kin san ba sa ƙetare maganata a kan harkar waya.

Batun darasi kuwa kwantar da hankalinki. Goge manhaja ba ya taɓa abin da mutum ya ajiye, bidiyon na nan zaune a wayar Mai Tasi. Na san cikin Miƙo kamar aljihuna. Da sabon ya fito za ki ja abinki, ki sami lokaci har ki yi saura.

Ki riƙa cin abinci. Na san ki, in hankalinki ya tashi sai ki koma shan ruwan zafi kawai.

Yayanki mai ƙaton hanci

*

Yaya,

Salama da gaisuwa. Ina fata ka tashi lafiya. Ni dai ga ni nan.

Ka yi haƙuri, na saɓa maka. Na jira sabon naku har mako ya zagayo, da na ga ba labari sai na biya. Yaƙinku gaskiya ne, ban musa ba, amma ni ba yaƙi ne a gabana ba. Na biya, ƙofa ta buɗe, na shiga na tarar ba kowa. Ka tuna yadda sunayen gidaje ke haske kore in wayarsu na kunne? Duk sun yi toka-toka, sai uku kawai, su ma irina ne da suka biya a ɓoye, kowa na jin kunyar kowa. Ɗaya ma darasin launuka ke hannunta, ta ce in ja in ina so. Me zan yi da launuka?

Na roƙi wata abokiyar aiki ta riƙe mini tebur ɗin guga, na tafi tashar tasi na nemo Mai Tasi. Na same shi yana wanke mota. Da ya gan ni ya washe baki, ya ce, "Maman Tantabara, mun yi maganinsu! Ni na fara gogewa, tun kafin in karya." Na ce madalla, to ya tura mini darasin kai tsaye daga wayarsa zuwa tawa. Ya goge hannu a wando, ya shiga nema. Ya duba nan, ya duba can. Muka zauna a kujerar baya muka bi wayar nan lungu-lungu. Yaya, babu. Bidiyon ya bi manhajar.

Bawan Allahn nan jikinsa ya yi sanyi har ya ba ni tausayi. Sai maimaitawa yake, "Ai yayanki ne ya ce ba abin da zai taɓa." Na bi sauran gidaje ko wani ya ja darasin bai goge ba. Wasu sun goge Miƙo, nasu darussan ma sun tafi. Wata ta ce ita ta gaji, kada a sake kawo mata zancen manhaja. Wani ya rufe ni da faɗa don na biya, wai irina ne ke ba azzalumai ƙarfi. Na tsaya a ƙofar gidansa kamar wadda ta zo bara.

Mai Tasi ya nuna mini alamar "zan dawo" da hannunsa, ita kam ya tuna. Amma yadda Malama ke sa yaro ya gane ta, ya ce matarsa ce ta yi da ɗansu, ita kuwa ta rasu bara. Na zo gida na yi wa Tantabara. Ta kwaikwaye ni tsaf, ta fi ni iyawa ma, ta yi wa kyanwa, ta yi wa kujera, tana ta dariya. A wurinta rawa ce.

Abin da ke hannuna shi ne ɗan guntun da ya sauka ran farko. Malama ta fito, ta yi murmushi, ta ɗaga 'yar tsana, ta kai ta bayan labule, ta juyo ta ɗaga hannu za ta yi wani abu, sai hoton ya daskare. Kullum muna kallo. Tantabara sai ta riƙa dukan wayar da yatsa don Malama ta ci gaba.

Na rubuta wa kamfanin, tunda yanzu ni mai biya ce. Ga amsarsu na haɗo maka. Wayar Mai Tasi ma ya yarda a kawo maka, tana wurin direban motar safe. Don Allah ka duba. Ba faɗa nake maka ba, ƙarfin faɗan ma ba ni da shi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga abokiyar hulɗarmu mai daraja,

Muna gaishe ki, muna kuma godiya da kika zaɓi Sabon Miƙo.

Mun karanta saƙonki da kulawa, kuma muna jajanta miki. Sai dai kamfaninmu ba ya ajiye abin da masu amfani ke musaya a tsakaninsu, saboda mutunta sirrinsu. Kamar yadda sharuɗɗan sabon tsari suka bayyana, ana adana fayiloli a cikin manhajar domin ƙarin tsaro, kuma cire ta daga waya na nufin cire su. Duk mai amfani ya amince da haka lokacin sabuntawa.

Muna farin cikin sanar da ke cewa akwai tsarinmu na musamman mai rumbun ajiya, wanda zai kare ki daga irin wannan asara nan gaba.

Muna yi wa iyalinki fatan alheri.

Sashen kula da abokan hulɗa

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Tantabara.

Wayar ta iso. Na rufe shago, na buɗe ta a kan tebur, na gwada duk abin da na sani, na kai wa wanda ya koya mini aikin shi ma ya gwada. Ba gogewa kawai aka yi ba. Sabon Miƙon ya kwashe fayiloli ya kulle a cikinsa, da aka cire shi mabuɗin ya tafi. Abin da ya rage a wayar tarkace ne da ba mai iya karantawa.

Tsohon na sani, Auta. Sabon ko sauke shi ban yi ba, don haushi. Na ba mutane umarni a kan abin da ban taɓa buɗewa ba.

Na je dandalinmu na faɗi abin da ya faru. Wasu sun ce Allah sarki. Wani ya ce wannan ma hujja ce a kan kamfanin, in ba shi izini ya yaɗa labarin. Sauran suna can suna rigima a kan sunan da za a sa wa sabon, har sun rabu gida biyu. Ko ya fito gobe, fanko zai fito. Na kira ɗan Malama ko katin kyamararta na nan. Ya ce kati ɗaya gare ta, in ta ɗauki darasi ta ba ni, sai ta ɗauki na gaba a kansa. Ni na san haka ma, na dai kira ne.

Na sami wasu bidiyoyin maganar hannu na wasu ƙasashe, na tura miki. Na kalla, manya ne ke koya wa manya, ban ga mai 'yar tsana ba. Ki gwada dai. Ki gwada fita ki dawo, fita ki dawo, kina yi mata alamar, ko Allah zai sa ta kama.

Kamfanin ko a jikinsu. An ce masu biya ma ƙaruwa suka yi, ofisoshi da manyan shaguna. Mu da muka fita ba wanda ya san mun fita.

Zan shigo motar safe ranar aikin. In ba ki son ganina ki faɗa, zan tsaya a waje.

Yayanki

*

Yaya,

Salama. Na gode da zuwanka, da zaman da ka yi da ni a barandar nan. Na san shago ba zai jira ba, ban riƙe ka da komai ba.

An yi nasara, likita ya ce zuciyar na aiki yadda ake so. Alhamdu lillahi. Yau suka dawo da ita ɗakin da ake barin uwa.

Ka ga yadda aka shiga da ita, ba sai na faɗa maka ba. Na yi mata alamar har ƙofa ta rufe, ita kuwa rigata take nema ta kama. Ma'aikaciyar jinya ta ce da ta farfaɗo sai da suka ɗaure mata hannuwa da gado, don tana fizge robar ƙarin ruwa. Ba su san da hannun take kirana ba.

Da na shiga ɗazu idonta biyu. Ta dube ni. Na matso kusa yadda za ta gan ni sosai, na ɗaga hannu zan yi mata magana, sai ta rufe ido. Na jira ta buɗe, na sake ɗagawa, ta sake rufewa. Ba barci take ji ba, Yaya. Tana kallon ma'aikaciyar, tana kallon fanka. Ni ce in na ɗaga hannu take rufewa.

Ina nan zaune a gefen gadon. Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Auta