Aljihun da Nazifi Ya Ƙara wa Jakar Baba

Ƙanena Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maryam da yara. Yaya Legas? Mu nan Dukawuya sai godiya.

Ka san ban so Nazifi na wajena ya shiga ƙungiyar matasan unguwa ba, na ɗauka zaman hira ne kawai. Ashe duk Asabar kowa kan kai abin da ya sana'anta, sauran su faɗi aibinsa ba kara. Ya kai jakar fatar nan da muka gāji ɗinkinta daga wajen Baba, suka ce ba ta da wurin sa waya. Ya dawo ya ƙara mata aljihu, ko shawarata bai nema ba. Kwana biyu ina amsa gaisuwarsa da ƙyar.

Jiya wata Hajiya ta zo daga Gwammaja da hoton jakar a wayarta, tana neman mai ɗinka ta. Na gyara zama. Ta ce, "Ba kai ba, Baba, mai aljihun nake nufi."

Don haka aikin gadin da ka samo wa Nazifi, a ba wani.

Ka gaida kowa. Ka sa shi a addu'a, ni ma ka sa ni, don yanzu ni ke miƙa masa zare.

Yayanka,
Bala