Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Horo Birni, bayan girbi, 1961

Zuwa ga Yayana Abdulƙadir, a ƙasar Sudan,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aikin auduga? Mu nan sai godiya, in ban da idon Inna da yake ta raguwa. Daga nesa yanzu ba ta bambanta mutum da turmi.

Saƙonka ya iso tare da fom ɗin gwamnati, na kai wa akawun hakimi a Shagari. Ya ce tun da aka sami mulkin kai, tafiya irin taka da sanda da gora ta ƙare. Ba mai tsallaka iyaka sai da fasfo, kuma ba za a ba ka ba sai uwa ko uba sun shaida nan aka haife ka. Baba ya riga mu gidan gaskiya, saura Inna.

Na kai ta a kan jaki. Akawu ya tambaya ko kai ɗanta ne. Ka san Inna da kunyar ɗan fari, ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba. Ta ja mayafi ta ce ɗan Kande ne, wato Gwaggon da ta riƙe ka. Ya tambayi garin Gwaggo, na ce Ƙwanni. Ya rubuta, ta dangwala yatsa. Sai ka fara ɗaure kaya.

Ƙaninka,
Sodangi

Horo Birni, tsakiyar rani, 1962

Yaya,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Ni kam na gaji.

Fom ya dawo. Ashe Ƙwannin da muke zuwa cin kasuwa yanzu wata ƙasa ce, Nijar. Sun ce tunda takarda ta nuna uwarka can take, can za ka nemi fasfo. Na je Boɗinga, aka tura ni Sakkwato. Na yini a gindin bango kafin wani ma'aikaci ya saurare ni. Na ce masa duk garinmu an san wadda ta haife ka. Ya ce masu ba da fasfo a Hartum, can Sudan, ba su san garinmu ba, abin da ke rubuce kaɗai suka sani. Na so in ji haushinsa, amma gaskiya ya faɗa. Ya ba ni sabon fom, ya ce dole Inna ta ambaci sunanka da bakinta a gaban shaidu.

Kafin in dawo albasata ta kwanta don ƙishi. Wannan bai dame ni ba kamar Inna. Ta ce ita da furfurarta ba za ta zama abin nuni ba. Amma duk ayarin alhazan da ya ratsa, sai ta aike ni in tambayo labarin mutumin nan na gabas. Kai ke nan. Ina jin tausayinta, ina jin haushinta, ban san wanda ya fi ba.

Naka,
Sodangi

Horo Birni, farkon damina, 1962

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, an gama.

Na daina roƙon Inna ma. Ran Laraba da hantsi ta tambaye ni me ya sa rana ta ƙi fitowa, alhali ga ta tana dukan mu. Da ta gane idon ne ya tafi, ta ce in ɗaura wa jaki akumari.

A gaban akawu da dagaci da limamin Kajiji ta faɗi sunanka. Muryar ta yi ƙasa, akawu bai ji ba, sai da ta maimaita. Ta ƙara da cewa ita ta haife ka, a ɗakinta, shekarar da aka yi fari. Liman ya sunkuyar da kai. Ni ma na kasa kallon ta. Da muka iso gida ta shige ɗaki ta ƙi cin tuwo.

Hakimi ya buga hatimi, takarda ta tafi. In fasfo ya fito kada ka jira kuɗin auduga, ka taho. Idon ya tafi gaba ɗaya, Yaya. Da an karɓi fom ɗin farko, da ta gan ka. In ka iso, kada ka durƙusa shiru kana jiran ta gane ka. Ka yi magana tun daga bakin ƙofa.

Ƙaninka mai jiran ka,
Sodangi