Sunana Da Ke Fitowa A Laftof Ɗinka

Kabara, cikin birnin Kano,
Daminar 2007.

Ya Hashim, maigidana, sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa a bakin mai ƙishi, farin watan da na gani na daina duban taurari! Amincin Allah ya tabbata a gare ka a duk inda kake. Bahijjarka ce.

Ka tuna yammacin da za ka tafi Sabha ta ƙasar Libiya wurin kawunka? Fastocin 'yan takara sun lulluɓe Ƙofar Mazugal, gari na ta hayaniyar zaɓe, kai kuwa ka zaunar da ni a tabarma, ka ɗora min laftof ɗinka a cinya, ka riƙe yatsana kana koya min yadda zan kama wayales ɗin kafen Ashafa, shagon intanet da ke bayan katangarmu, in aiko maka da saƙo. Ka ce muddin 'yar fitilar nan shuɗiya tana ci, Sahara ba ta fi tsakar gidanmu faɗi ba. Ɗan akwatin wayales namu na gida kuwa, wanda ka raɗa wa suna Bahijjata don tsokana, a gabana ka naɗe shi da rawani ka tura a jaka, ka ce a shagon kawu za ka kafa shi.

Daga Agadas saƙonka na ƙarshe ya zo. An yi zaɓe, an rantsar da sababbi, ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, kai kuwa shiru. Kawu ya aiko cewa motarku ba ta isa ba. Wayyo zuciyata! Wace irin hanya ce take haɗiye mota da mutanenta, ko takalmi ba ta tofar ba?

A makon ne laftof ɗin ya fara ciwo. In rufe murfinsa in je in yi salla, ya yi barci. In dawo in tashe shi, komai ya farka ban da wayales. Fitila a mace. Ba wai ya ƙi kama kafen Ashafa ba ne kawai, a'a, kwamfutar cewa take yi sam babu irin wannan na'ura a jikinta, kamar ba a taɓa sa mata ba. Na murza ɗan makunnin da ke gefe, na danna madannan nan biyu da ka nuna min, na cire batir na mayar. Sai na kashe shi ɗungurum na kunna yake dawowa. Da ya sake runtsawa, shi ke nan, ya ɓace.

Gwaggo ta raka ni Ƙofar Dawanau wurin Malam Maharazu mai gyara. Ya ce kada in damu, wani ɗan kati ne a cikinsa, kwamfutar ke yanke masa wuta idan za ta yi barci don tattalin batir, sai ta manta ta tashe shi. Ya hana ta yin hakan, ya sake ɗora manhajar katin, ya kwance bayan laftof ɗin ya zare shi ya goge ya mayar, ya ɗaure siraran wayoyinsa biyu. Muka dawo ina murna. Ba a yi nisa ba ciwo ya dawo.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba, rabin raina.

Wata Laraba da hantsi, rana tarwai, Gwaggo na tankaɗe a tsakar gida, na kashe na kunna kamar kullum. Wayales ya dawo. A ƙarƙashin sunan kafen Ashafa sai ga wani suna: Bahijjata. Da sanda ɗaya tak a gefensa, tana lumshewa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Tsigar jikina ta tashi. Akwatin da na ga ka naɗe da idona! Da na kai wa Malam Maharazu, ya ce ai kwamfuta tana riƙe sunayen da ta saba da su. Na tambaye shi, har da sandar ƙarfi? Ya daɗe yana kallon allon. Daga nan ya ce irin wannan akwati ba ya wuce gidaje kaɗan, kuma sai da wuta yake aiki. Ya miƙo min laftof ɗin da hannu biyu.

Tun daga ranar, duk sanda wayales ya ɓace ya dawo, sandunan ƙaruwa suke yi. Jiya bayan azahar suka cika. Na rungumi laftof ɗin na bi gidan ɗaki-ɗaki. A madafa ya ragu, a ɗakin Gwaggo ya ragu, a bakin shagonka na zaure ya tsaya cif. Shagon da ke kulle tun tafiyarka, mukullinsa a wuyana. Na yi bismilla na buɗe. Babu kowa, babu akwati. Babbar rigarka a rataye, ƙamshin turarenka kamar yanzu ka shafa. A bakin ƙofa daga ciki kuwa, rairayi ne ja, busasshe, alhali da safe aka yi ruwa har ganuwa ta jiƙe. Na taɓa shi, Hashim. Da ɗumi.

Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Allon ya yi duhu a hannuna, na tashe shi, wayales ya tafi da sunana.

Ya masoyina, kai ne? In kai ne, me ya hana ka sallama? Yaushe ka fara jin nauyin ƙofar gidanka? Tsuntsu ma idan ya dawo sheƙarsa kuka yake yi a san ya iso. Ni da na saba gane takunka tun daga lungu, don me za a bar ni da sanduna a kan gilashi?

Malam Maharazu ya ce magani ɗaya ya rage, a jefar da katin a sa sabo. Na ƙi. Dattawan gidanku kuma sun sa Juma'a za a taru a yi maka addu'a, Gwaggo tana ta kewaye-kewaye da zancen takaba. Addu'a zan zauna a yi, don mai rai ma yana buƙatarta. Takaba kuwa, sai wanda ya gan ka da idonsa ya zo ya faɗa min.

In kana raye, ɗan aljannata, ka dawo ko da ba ka da komai sai numfashi. Shi kaɗai nake nema. In kuwa ka riga ni, Allah ya sanyaya makwancinka, ka kwanta ka huta, kada kewata ta hana ka. Ni ce zan zo, kuma ba zan zo da sunan kowa a zuciyata ba sai naka.

Wasiƙar nan biyu na rubuta. Ɗaya zan ba Shehu direban Agadas gobe. Ɗayar zan tura ta ƙarƙashin ƙofar shagonka. Duk wadda ta riga isa gare ka, ka amsa.

Taka a yau, taka a gobe, taka har ranar tsayuwa,
Bahijja.