Na yanka zanen mahaifiyarmu saboda rigar fim

Assalamu alaikum, Malama Adila. Ki taimaka mini da shawara kafin Asabar ta sama, don na rasa wanda zan faɗa wa.

Ranar 14 ga Oktoba, 2001, ƙanena Shu'ibu ya ɗauki babbar rigar mahaifinmu, saƙi mai aikin hannu, ya sayar wa masu yawon sayen kayan da, bai ko tambaye ni ba. Hujjarsa ita ce ruwa ya cinye shinkafarmu ta fadama a shekarar. Tun daga ranar, tsakanina da shi sai gaisuwar wurin jana'iza.

Ni malamin tarihi ne a da. Shekara ashirin da shida na yi ina koyarwa a sakandare, na yi ritaya, na koma kan keken ɗinkin mahaifinmu a nan Haɗejiya. Yau ba mai tambayata komai game da mutanen da. Abin da aka gani a waya ya ishi kowa.

Bushira, 'yar Shu'ibu, ita kaɗai ce a gidansa take takowa ta gaishe ni. Makarantarsu za ta yi wasan kwaikwayo ranar Asabar ta sama, an ba ta matsayin sarauniya. Ta kawo waya ta nuna mini wani fim na tarihi, wai in ɗinka mata irin rigar ciki: ƙugu a tsuke, ƙasa a baje kamar lema. Na gaya mata ba macen da ta taɓa sa wannan a ƙasar nan a wancan zamanin, zane suke ɗaurawa. Ta yi dariya, ta ce ai yanzu haka kowa ya san sarauniya, kuma ta riga ta gaya wa ƙawayenta Baffanta ne zai ɗinka.

Na ji haushi. Na ce a raina, tunda siffar ƙarya ce, bari yadin ya zama na gaskiya, mutane su ga abin da kakanninsu suka saƙa. Na buɗe akwati na ɗauko zanen Inna, baƙin saƙi rinin shuni, mai jan layi ɗaya a gefe. Lokacin rabon gado an yarda kada a raba shi, ya zauna a hannuna tunda ni ne babba.

Saƙi siraran ƙyallaye ne, kowanne faɗin tafin hannu, aka jera aka haɗa. Mahaifinmu bai taɓa sa masa almakashi a karkace ba. Haɗin yake warwarewa, ya sake jerawa. Na san wannan tun kafin in san ƙofar makaranta. Amma ƙasan rigar fim ba ya bajewa sai da yankan karkace, sai na yanka. Zaren ya tsufa. Ya fara zarewa tun a kan tebur, duk inda allurar keke ta bi sai ya tsage.

Kwana huɗu ke nan da na yanka shi. Bushira tana aiko da tambaya ko ta zo gwaji. Shu'ibu zai zauna a sahun gaba ranar wasan, kuma in na haɗa rigar da guntayen, ko daga ƙarshen fili zai gane jan layin nan. Ni da na shekara ashirin da wani abu ina kiransa wanda bai san darajar kayan iyaye ba, da wane ido zan dube shi? Ina tunanin in ɗinka da yadin kasuwa, in ɓoye guntayen, in yi shiru har in mutu. Sai kuma in tuna wata rana 'ya'yanmu za su buɗe akwatin.

Shi dai rigar da ya sayar tana wani wuri, ɗungurungum. Zanen Inna kuwa babu shi. Guntaye goma sha ɗaya ne a cikin leda.

Tsohon Malami, Haɗejiya

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Baba. Da farko ka ajiye almakashi, kuma kada saƙin nan ya sake hawa keke. Ka bi bakin kowane guntu da ɗinkin hannu yau ɗin nan, don zarewar ta tsaya.

Ɓacin ranka na da yana da tushe. Rigar uba ba ta mutum ɗaya ba ce, ya kamata ƙanenka ya tambaye ka. Amma shi yunwar iyali ce ta tura shi, kai kuma son ka nuna wa gari ka fi mai fim sani. Akwai son Bushira a ciki, ban manta ba. Duk da haka amana ce aka ba ka, kuma ka taɓa ta ba da izini ba.

Shawarar ɓoyewa ba ta yi ba. Ka ɗauki ledar nan ka je gidan Shu'ibu da ƙafarka kafin Juma'a, kada ka aika kowa. Ka faɗi abin da ka yi, ka nemi gafara, kada ka ambaci rigar 2001 ko da da kalma ɗaya. Yana iya yin faɗa, yana iya yin shiru. Ka jure, haƙƙinsa ne. In kuna da 'yan'uwa mata, su ma a sanar da su.

Rigar wasa kuma, ka ɗinka ta da baƙin yadin kasuwa, akwai lokaci. In Shu'ibu ya yarda, ka ɗora guntun mai jan layi a gaban rigar da hannu, da wani ƙyalle a bayansa ya riƙe shi. In bai yarda ba, ka bari. Sauran ku raba, kowane gida ya sami abin tunawa da Inna.

Bushira kuwa ka gaya mata gaskiya da bakinka, kuma ka tabbatar mata laifin ba nata ba ne. Ka nuna mata yadda ake haɗa saƙi. Ka ce ba mai tambayarka, ga wadda ta yi alfahari da kai a gaban ƙawayenta.

Zanen ba zai dawo ba, Baba, amma ƙanenka yana da rai, kuma gidansa ba nisa. Allah ya jiƙan iyayenku, ya sassauta zukatanku, ya sa ku kalli wasan nan a benci ɗaya.

Malama Adila